Awon Bature a Gayyar Surukina

Duk unguwarmu ta Sintali, a Jalingo, babu wanda ya kai ni sanin giya, kuma wannan ba wani ya faɗa mini ba, ni na gano da kaina. A Abuja na gano shi, lokacin da ofishinmu ya tura ni taron bita a madadin ogana, wanda ciwon haƙori ya kwantar. Bayan an tashi, wani mutum da ya daɗe a Turai ya gayyace mu gidansa, ya zuba mana wata giya da ya ce shi ya dafa ta da hannunsa a kicin. Na kurɓa, ɗaci ya naushe ni har cikin kunne. Na ɗaga kai in ga wa zai fara tofarwa, sai na ga kowa ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Ni ma na lumshe, na gyaɗa, har na fi su gyaɗawa. Mutumin ya ce sirrin abin wani fure ne da ake kira hop, kuma mai ilimi ne kaɗai ke gane daɗin ɗacinsa. Tun daga ranar na tabbata ni Tobias, mai kula da sito, mai ilimi ne.

Na dawo Jalingo damina na shirin ɗaukewa, na tarar da saƙo daga gidan surukaina, a wani ƙauye bayan Sunkani. Baba Simeon, mahaifin matata Mabel, gwiwarsa ta kumbura, bana ko galma ba ya iya ɗagawa. Ya kira gayya a yi masa kunyar doya tun ƙasa na da danshi, don ƙasar wajen in ta bushe babu galmar da ke shigarta, shekara ta wuce ke nan. Gonar nan ita ke ciyar da gidan gaba ɗaya, har mu na birni sakwararmu daga can take fitowa. A al'adarsu kuma suruki ne ke kawo giyar gayya, ita da abinci su ne ladan masu aiki. Kowace shekara wurin Margaret mai burkutu nake zuwa, ta dafa, ta kai har gona, ni kuma in sha godiya.

"Bana ba Margaret," na ce wa Mabel. "Ni zan dafa."

Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Za ka dafa me?"

"Giyar gayya. Amma ba burkutu ba. Giyar hop, irin ta manya."

"Baban Jennifer, kai da in ka ɗora ruwan shayi sai an kira ni in sauke?"

"Shayi ba sayens ba ne. Wannan sayens ne."

Sai ta ajiye faifan. "Ka ji ni da kyau. Gonar babana ne, ba ofis naku ba. In mutane sun ajiye galma, ba doya. In ba doya, sayens ɗin za ka tuƙa mana?"

Na ce mata ta kwantar da hankali, ranar gayya babanta zai san cewa ba ƙaramin mutum ya ba 'yarsa ba. Ta ce ita dai ta faɗa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na yafe mata, don ba ta taɓa zuwa Abuja ba.

Washegari na shiga babbar kasuwa neman hop. Mai kayan yaji ya saurare ni da kyau, ya ce in bi layin masu kayan gini, shago na ƙarshe. Na yi mamaki, amma na bi. Mai shagon ya tambaye ni yadi nawa, kafin in amsa ya jawo hos ɗin ban ruwa ya fara warwarewa. Mutane na kallo, ni kuma ba na son a ce ban san abin da na zo nema ba, sai na ce a yanka mini. Na rataya shi a kafaɗa na ci gaba da yawo, har ƙafa ta kai ni rumfar Hammanjoda, wani Bafulatani mai sayar da saiwoyi da ɓawon itace.

"Hop?" in ji Hammanjoda. "Walaa, babu. Yaya kamanninsa?"

"Fure ne na ƙasar sanyi. Aikinsa ɗaci."

"Kay! Ɗaci kake nema, kake wahalar da kanka da Turanci? Zauna, zauna."

Ya jawo buhu ya buɗe, ga ɓawon maɗaci ja wur. Ya ce shi suke jiƙa wa shanu in tsutsar ciki ta dame su, ya tambaye ni shanun nawa ne. Na ce ba shanu ba ne, surukaina ne. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce shi dai ɗan kasuwa ne, ba ya shiga maganar cikin gida. Ya tambaye ni yawan da zan ɗauka, na ce zan dawo bayan na gama lissafi.

Lissafin a waya na yi shi. Na samu wani Bature mai gemu yana dafa giya a garejinsa, na kalle shi har data ta ƙare. Ya ce kashi-kashi ake zuba hop: na farko da zarar ruwa ya tafasa, don ɗaci, na tsakiya don ɗanɗano, na dab da saukewa don ƙamshi, in kuma giya ta fara aiki a ƙara busasshe a kai. Duk lokacin da zai zuba sai ya ce "wan auns". Na zauna na yi nazarin kalmar. Auns, auna, awo. Ai a fili take, wurinmu Bature ya ari kalmar ya lanƙwasa ta. Awo ɗaya kuwa, a kowace kasuwa daga nan har Wukari, mudu ne. Wai ashe auns ɗin nasu bai fi cikin tafin hannu ba. Amma wannan laifin Baturen ne, da bai ɗaga abin awonsa an gani ba.

Haka na tsara giyata, kuma har yau ina ganin tsarin ya yi kyau a baki. Dawa a madadin sha'ir. Mudun maɗaci a tafasar farko, mudun busasshiyar shuwaka a tsakiya, mudun ɓawon lemo da citta a ƙarshe, sai busasshen ganyen darbejiya daga baya. Da na tuna cewa tukunyar Bature 'yar ƙarama ce, tawa kuwa rabin duro ce, sai na ninka komai. Hammanjoda da kansa ya raka ni bakin titi yana ta godiya da Fulatanci, "useko, useko", ya ce in Allah ya sa surukan sun tashi in dawo.

Tsiron dawar ma da rigima ya zo. Na jiƙa ta na baza a baranda, na rufe da jiƙaƙƙen buhu, kajin Mabel suka ɗauka walima aka shirya musu. Na kwashe na mayar ƙarƙashin gadonmu. Nan ta yi tsiro da kyau, har saiwar ta kama kafet, sai da wuƙa na raba su. Mabel ta koma ɗakin yara da kwana, ta ce ita ba a gona aka ɗaura mata aure ba.

Ranar dahuwa na kafa duro a tsakar gida, na ɗaura tawul a wuya. Da maɗacin ya ji wuta sai wani tururi ya tashi ya bi unguwa. Maƙwabcina Ɗantani, tela ne, bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma babu abin da ke faruwa a gidana da bai da ra'ayi a kai. Ya leƙo ta katanga da tef a wuya.

"Oga Tobias, wa ya yi ƙyanda a gidanku?"

"Ba kowa. Risac nake yi, bincike irin na masana."

"To risac ɗin ya shiga cikin shaddar mutane. Na goge riga, na shinshina, sai da na yi atishawa."

"Ƙamshi ne, Malam Ɗantani. Hancinka bai saba ba."

"Ƙudajen ma ba su saba ba. Ga su nan suna faɗowa a kan kekena."

Na tsoma yatsa a ruwan na lasa, don in nuna masa. Abin da na ji ban faɗa wa kowa ba. Na yi murmushi da gefen bakin da ke sauran motsi, na ce wa kaina ai ɗanye ne, in ya kwana biyu zai kwanta. Dusar da na tace na zubar bayan gida, akuyar Ɗantani ta ci. Da yamma ya sake leƙowa.

"Oga, akuyata tun azahar ta juya wa gida baya tana kallon bango. Na kai mata harawa, ta dube ni kamar ni na cuce ta."

"Tunani take yi."

"In ta mutu da tunanin, ka san inda nake."

Na ɗura ruwan a manyan jarkoki, na zuba yis ɗin burodi da darbejiya, na jera su a ɗakin kwanana. Bature ya ce kada iska ta shiga, amma a bar wa iskar ciki hanyar fita. Nan hos ɗina ya yi rana: na yanyanka shi, na huda murafan, na zura, na tsoma ɗaya bakin a bokitin ruwa. Kafin wani lokaci ɗakin ya ɗauki ƙara, bul, bul, bulul. Na kira Mabel ta zo ta ji sayens na magana, ta ce ta ji daga inda take.

Ana wata ga wata. Ashe makon nan Zumuntar Mata ta cocinmu a gidanmu za su yi addu'a, kuma shugabarsu, Mama Dokas, ko warin giya ta ji a jikin mutum sai ta tsallaka titi. Mabel ta tura ni ɗaki ta ja labule, ta ce ko tari na yi in kuka da kaina. Suka yi waƙa, ƙarar ba ta fito ba. Da aka sunkuyar da kai aka yi tsit, sai babbar jarkar ta ce bulululul, dogo, har da ɗan jan numfashi a ƙarshe.

"Maman Jennifer," in ji Mama Dokas, "wane ne a ciki?"

Na ji Mabel ta ce, "Maigida ne, Mama. Cikinsa ba lafiya."

Bul, bul.

"Wayyo! Haka yake yi tun yaushe?"

"Ya kwana biyu, Mama."

"Kuma kika yi shiru? Mata, a tashi tsaye."

Suka taru a bakin labule suka ɗaga murya, suna umartar duk abin da ke cikin Tobias ya fita. Ni ina tsugune tsakanin jarkoki na toshe hos da babban yatsa, in na toshe wannan, wancan ya amsa. Da na ga asiri zai tonu, sai na fara nishi ina raka ƙarar. Mama Dokas ta ce sun ji, abin ya fara motsi, a ƙara ƙarfi. Kafin magariba duk Sintali ta ji labari. Mai rake, mai cajin waya, har yaran makaranta, kowa ya gan ni sai ya rage murya ya ce, "Oga, yaya cikin?"

Ranar gayya Mabel ta riga ni tafiya, don ta taya mata girki. Ni na tsaya na tace giyata, na ɗaure murafan tam, na sa farar rigata, na ɗauki shatar keke napep. Ban sake ɗanɗanawa ba. Na ce babban abu a gaban jama'a ake buɗe shi. Rana ta ɗaga, hanya kuma duk rami, jarkokin suka fara kumbura har suka daina zama a gindinsu. Muna sauka daga kwalta muka faɗa wani rami, murfin ɗaya ya tashi, fau! Ya daki rufin keken, kumfa ta yi mana wanka. Direban ya lashi leɓensa bisa kuskure, ya taka burki, ya fita ya durƙusa a bakin hanya yana kakari.

"Oga, ka faɗa mini gaskiya, ina da yara. Maganin ɓera ne?"

"Giya ce ta ƙasar waje."

"Wace ƙasa? Yaƙi suke yi da mu?"

Da muka isa rana ta take tsaka. Tun daga nesa nake jin ganga da waƙa. Maza sun jeru, galma na tashi tare tana sauka tare, kunya na fitowa layi-layi. Sun gama tudu, saura gangare har zuwa bakin rafi, kusan rabin gonar. Baba Simeon na zaune a kujera ƙarƙashin ɗorawa, ya miƙe ƙafar mai ciwo, sandarsa a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi rigata da ta koma ruwan ƙasa, ya ce sannu da hanya. Ana ganin jarkoki aka ajiye galma, aka taho da gumi da ƙishi, kowa na murmushi.

Na hau kan wani kututture na gyara murya. Na ce jama'a, yau rana ce ta tarihi. Na ce kakanninmu sun yi iya ƙoƙarinsu da burkutu, Allah ya ji ƙansu, amma duniya ta ci gaba. Na fara bayanin tafasar farko ke nan sai shugaban gayyar, Elias, ɗan ƙanen Baba Simeon, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya katse ni.

"Inlo, surukinmu, magana ya isa. Maƙogwaro ya bushe. Buɗe mana baki."

Ya cika ƙwarya ya miƙo mini. Sai a lokacin na tuna. A garinsu, wanda ya dafa giya shi ke fara sha a gaban kowa, daga kowace ƙwarya, kafin wani ya kai baki. Shekara da shekaru ina ganin Margaret na yin haka, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana layin zai biyo ta kaina ba. Na karɓa da hannu biyu. Giyar ta yi kore-kore, ga wani ganyen darbejiya na yawo a kai. Na lumshe ido irin na Abuja, na kurɓa.

Jama'a, na sha kinin ina yaro, na taɓa tauna matsarmamar kaza bisa kuskure, duk wasan yara ne. Harshena ya naɗe kamar tabarma. Ɗacin ya hau ta hanci, ya fito ta ido, ya sauka har yatsun ƙafa. Na nemi in gyaɗa kai, wuyan ya ƙi.

"Inlo, kuka kake yi?" in ji Elias.

"Ƙamshi ne," na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

"To a nan ba a lasa. Sai mun ga maƙogwaro yana hawa yana sauka."

Na sha, maƙogwaro ya hau, da ƙyar ya sauko. Na miƙa masa, sai ya ce wannan ta dattawa ce, ga ta samari. Na buɗe ta samari. Ya ce ga ta makaɗa. Na buɗe ta makaɗa. Wata tsohuwa ta taho da ƙoƙonta ta ce su mata ba mutane ba ne? Lokacin gumi ya gama jiƙa ni, kunnuwana na kaɗa ganga tasu daban, ina ganin ɗorawar ta zama biyu. Duk da haka na ɗaga babban yatsa.

Elias ya ɗaga ƙwarya ya yi babbar kurɓa irin ta mai ƙishi. Ya tsaya cak. Idanunsa suka fito. Ya juya ya fesar, wani kare da ke kwance a wurin ya shinshina ya tashi ya canza inuwa. Waɗanda suka riga suka kai baki suka bi sahu, wurin ya cika da tofi da tari da kiran sunan Yesu.

"Inlo," in ji Elias yana goge harshe da gefen riga, "me muka yi maka?"

"Sai an saba. A Abuja manyan mutane..."

"Su kuma me suka yi maka?"

"Ɗacin ai shi ne kwaliti. Hop ke nan."

Wani dattijo ya shinshina ƙwaryar. "Wane hop? Maɗaci ne. Wannan shi na ba saniyata bara, ta yi wata ba ta gaishe ni ba."

"Akwai ɓawon lemo a ciki," na ce. "In kun jira, yana zuwa daga baya."

"Mun jira," in ji wani saurayi. "Ko ya ɓata hanya ne?"

Aka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don ƙishi ba ya wasa. Saurayin nan ya saɓa galmarsa ya ce, "Tun safe muna yi wa Baba kunya, kai ka kawo masa naka kunya a jarka." Ya ce a tsallaken rafi ma gayya ake yi a gonar Noah, kuma burkutun Margaret ne a can. Da aka yi shiru kuwa sai ga gangarsu ana jiyowa. Samari suka fara bin sa, ɗaya bayan ɗaya. Kiran gayya ba giya zagi ne, babu wanda zai ga laifinsu.

Na dubi gangaren da ko sara ɗaya ba a yi ba, na dubi sama, fes, babu alamar hadari. Na hango Mabel cikin mata, ta tsaya da ludayi a hannu, ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo. A nan tsoro ya kama ni na gaske, irin wanda ban ji ba ko da murfi ya tashi a keke.

"Miƙo mini ƙwaryar."

Baba Simeon ne. Bai ɗaga murya ba, amma har waɗanda suka kai bakin rafi sai da suka waiwayo. Elias ya ce, "Baba, ku bari," tsohon ya sake miƙa hannu. Aka ba shi ƙwaryar dattawa, kusan cike take, abin da na sha kaɗai ya rage ta. Ya kafa kai. Muna tsaye muna kallon maƙogwaronsa na aiki, bai tsaya ba, bai numfasa ba, har ya ga gindinta. Ya kife ta a ƙasa. Ko girarsa ba ta motsa ba.

"Giyar gidana ce," ya ce. "Surukina ya dafa da hannunsa, ya ɗauko tun daga Jalingo. Ni na sha, ta yi mini. Wanda zai je ya ce an kira gayya a gidan Simeon an ba mutane abin da ba a sha, ya fara zuwa nan ya faɗa mini."

Babu wanda ya motsa. Elias ya sosa ƙeya, ya dubi ƙwaryar da ke kife, ya dubi ƙafar tsohon. Can ya ce a ɗebo musu ruwan rafi, ya ɗauki galmarsa ya gangara. Dattawa suka bi shi, da 'yan samarin da kunya ta riƙe. Waɗanda suka riga suka tsallaka ba su dawo ba. Aka ci gaba da aiki, ba ganga, ba waƙa, sai ƙarar galma.

Ni kuwa, da yake hali zanen dutse ne, ina ganin haka sai kaina ya fara dawowa daidai girmansa. Na ce a raina ashe dai a garin nan akwai mutum ɗaya mai ilimi. Na gyara wuyan riga, na matsa kusa da kujerar na durƙusa.

"Baba, na gode. Kun dai ji ɓawon lemon can ƙarshe, ko?"

Ya yafito ni in ƙara matsowa. Da na matso sai na ga idanunsa sun yi ja, gumi na bin wuyansa. Muryarsa ta dushe, sai da na kai kunne.

"Tobiya, a garin nan aka haife ni, a nan na tsufa. Ba wanda ya taɓa kama ni da ƙarya. Yau na yi ta a gaban kowa, don kada 'yata ta kasa ɗaga kai a gidan ubanta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Duk ɗacin da na sha ranar bai kai wannan ba, kuma wannan babu inda zan tofar da shi. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri," sau nawa ban sani ba.

"Haƙuri ba ya tara ƙasa," ya ce. "Waɗannan da suka rage ba za su kai bakin rafi ba. Galmata na jingine a bayan bishiyar nan. Cire takalmin."

Na cire takalmi, na naɗe wando, na ɗauko galmar, nauyinta ya kusa kai ni ƙasa. Na juya zan gangara ke nan ya sake kirana.

"Akwai saura a jarkokin?"

"Da yawa, Baba."

Ya rufe ido ya jingina da kujera. "In za ka zubar, ka kai shi nesa da doyata."